Takardar Zinari da Masu Jegon Bahindi

Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa cewa aikin lab ba aiki ba ne, tsoma tsinke ne a fitsari a duba launi, ko akuya aka koya wa za ta yi. Ban yi fushi ba. Ni ma da na zo haka na ɗauka, kuma akwai ranakun da akuya za ta fi ni, tunda ita ba ta da karambani. Ku zauna, kwalaben nan ba gudu za su yi ba.

Sunana Umaru, amma daga Illo har Lolo in ka ce Umaru sai an tambaye ka wanne. Ka ce Sarkin Fitsari, nan take a nuna maka ƙofar gidana. Shekara ashirin da 'yan kai na yi a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a kan hanyar iyaka, wanda ya daɗe da rufewa, ina karɓar abin da kowa ke ƙyama da hannu biyu, har in ce an gode.

Aikin farko da maigidana Baba Arzika ya ba ni shi ne dafa fitsari. A lokacin haka ake neman ciwon suga: ka zuba wani ruwa shuɗi a siririyar kwalba, ka ɗiga fitsari a kai, ka kama ta da maƙalin katako, ka ɗora bisa fitilar sifirit. In ya koma ja kamar jar ƙasa, mutum yana da suga. Abin da Baba bai gaya mini ba shi ne inda ake juya bakin kwalbar. Ranar Juma'a ce, na sha farar riga zan wuce masallaci daga nan. Abu ya tafasa ya yi tsalle, ya same ni daga haɓa har aljihu. Baba Arzika yana zaune yana cin goro, ko motsi bai yi ba.

"To, ka gane inda ba a juya ta," in ji shi. "Saura inda ake juyawa."

Haka yake koyarwa. Sai ka gama ɓarna ya ba ka rabin bayani.

Daga baya tsinke ya zo, wannan da kuke rainawa. Ku dubi ɗan ɗigon da ke bakinsa mai kama da fenti. Abin da ke ciki masu boko suna ce masa inzayim, amma Baba har ya mutu tsiro yake ce masa. Kun ga mai kunun zaƙi in ta dama kunu ya yi kauri, takan bari ya ɗan huce, ta zuba niƙaƙƙen tsiro, sai kunun ya tsinke ya yi zaƙi. In ta zuba yana tafasa ta yi asara, tsiron ya mutu. To dangi ne. Wannan na tsinke daga fumfuna ake tatso shi, irin baƙar nan da ke kama albasa in ta sha damshi a rumfa. Daga jikin abu mai rai ya fito, kuma ya taho da halin masu rai.

Ban taɓa ganin mai tsirfa irinsa ba. Suga kala ɗaya tak ya sani a duniya, wanda ke yawo a jinin mutum. Ko sukarin shayi ka jiƙa masa ba zai ɗaga kai ya dube ka ba. Wannan tsirfar ita ce amfaninsa, don in ya ce akwai, to akwai. Amma ga raki. Zafi ya kashe shi, damshi ya kashe shi, ka manta murfin gwangwani a buɗe ka je alwala ka dawo, ya fara shure-shure. Ku da kuka san bazarar Bagudo kun san ba ƙasarsa ba ce. Randa na sa cikin randa, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, na ɗaure gwangwanin cikin leda uku na ajiye. Ni ina zufa a kan benci, shi yana cikin sanyi kamar hakimi.

Kuma in ya mutu ba ya wari, ba ya canza kama. Shiru kawai zai yi, kowa ya zo ya ce masa lafiya lau. Shi ya sa Baba ya kafa mini doka: kowace safiya, kafin in taɓa kwalbar kowa, in jiƙa garin gulukos a ruwa in tsoma tsinke ɗaya. In ya canza launi, gwangwanin yana da rai. In bai canza ba, a yi masa jana'iza.

Da aka kawo Shari'a, mai asibitin, mutum ne da ba ya son a yi magana a kansa, ya raba layin maza da na mata, ya sa aka fasa 'yar taga a bangon lab aka rataya mata labule. Daga ranar mata suka daina shigowa wurina. Inna Kulu, ungozomar asibitin, wata doguwar dattijuwa da ta karɓi haihuwar rabin garin, ita ke miƙo kwalba ta ƙarƙashin labule da lamba a jiki, ni kuma in miƙa mata takarda. Ni abin ya yi mini daɗi, don surutu ya ragu. Shekaru na yi a haka. Na san fitsarin matan ƙasar nan kamar tafin hannuna, ban san fuskar ko ɗaya ba.

Wata rana, bayan Baba ya rasu ni ke riƙe da lab, sai ga Asabe, ɗiyar wani mai fataucin bandar kifi a Lolo. Tana babban karatu a jami'a, ba ta gama ba tukuna amma kowa Dokta yake ce mata. Ta ajiye mini wani ambulan cike da yankakkun takardu, kowace da ɗigo ja-ja a baki.

"Kawu, wagga ba ta buƙatar randa," ta ce.

"Mi ke cikinta?"

"Zinari."

Na ɗaga ɗaya na haska ta a taga. Na ce in wannan ne zinari, to an cuci mata.

Ta yi dariya ta yi mini bayani. Zinari ne aka mayar ƙura, ƙurar ma ƙanƙanuwa har madubina na lab ba zai gan ta ba. Irin wannan suke ce wa nano. In zinari ya kai wannan ƙanƙanta sai ya bar zaman banza ya kama kwaikwayon inzayim, ya ci suga, takarda ta canza launi. Bambancin, shi ba daga mai rai ya fito ba, don haka babu ran da zafi zai ɗauke.

Ban yarda ba sai da na gwada. Na ɗora guda biyar a kan kwanon rufin asibiti, na danne da dutse, kwana uku suna shan rana. Na sauko da su na tsoma a ruwan gulukos, suka canza launi kamar ba abin da ya same su. Na sa wasu ƙarƙashin kujerar babur ɗina na yi mako ina yawo da su. Haka. Ranar na dubi randar nan da na shekara ashirin ina yi wa bauta, na ji kamar in ba masu wanki.

Labari ya fita. Maigadin asibiti ya fara tsince waɗanda na zubar, yana shanyawa a bayan ɗakinsa, wai in sun taru zai ƙona ya tace. Wani dattijo da ya zo awo ya tsaya da kwalbarsa a hannu ya ce sai na gaya masa ko ya halatta namiji ya yi mu'amala da zinari. Na ce masa ai ba a wuya za ka rataya ba, kuma irin mu'amalar da za ka yi da shi ba ta ado ba ce.

Sharaɗi ɗaya Dokta ta kafa mini, har sau uku ta maimaita. Kowace kwalba in auna da tsinke, in auna da takardarta, in rubuta duka biyun a littafi. Amma sakamakon da zan ba majiyyaci na tsinke ne kawai.

"Ba a gama gwada ta ba, Kawu. Gwajin ne muke yi."

Na ce na ji. Wata biyu ina haɗa su, duk inda tsinke ya ce akwai, zinari ya ce akwai, inda ya ce babu, ya ce babu. Abin da ban lura da shi ba, damina ce, ruwa ya yanke hanyoyin ƙauye, kusan duk kwalaben da na auna na maza ne.

Sai muguwar shekara ta shigo, shekarar da aka rufe iyaka. Tsinkenmu daga wani kantin magani na ɓangaren Benin yake zuwa, cikin kula mai ƙanƙara, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Da aka rufe sai ya koma zuwa ta daji, a ɗaure shi jikin buhun shinkafa kusa da salansar babur, a laɓe da shi cikin rana har jami'ai su wuce. Yana isowa wurina gasasshe.

A kan Alhaji Mamman mai albasa na fara gano haka. Mutum ne da sugansa ya yi suna, in ya ajiye kwalba a taga kafin in juyo tururuwa sun yi layi. Ya zo yana murna, wai wani mai magani a kasuwar Lolo ya ba shi sassaƙe ya sha kwana bakwai. Na buɗe sabon gwangwani ban gwada shi ba, da yake da safe da tsohon na yi gwajin Baba. Na tsoma, tsinke ya ce lafiya lau. Alhaji ya fara hamdala, yana cewa yau zai sha shayi da madara. Na dubi tsinke, na dubi tururuwa suna hawa kwalbar. Na jiƙa gulukos na tsoma wani. Shiru. Na buɗe gwangwani na biyu da na uku. Duk gawa.

Na ce, "Alhaji, ajiye shayin nan. Tururuwa sun fi ni kayan aiki yau."

Muka aika birni a kawo wani, aka ce sai an jira. Ana cikin jira ruwa ya janye, hanya ta buɗe, matan Bahindi da na ƙauyukan bakin kogi suka cika asibiti ranar awon mata. Kwalabe suka yi ta shigowa ta ƙarƙashin labule. Mai asibiti ya leƙo ya ce, "Umaru, mutane sun yi tafiya mai nisa, yi da abin da ke gare ka." Bai ce in ɗauko ambulan ba. Ni na ɗauko da hannuna, ina gaya wa kaina wata biyu ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Kwalba goma sha huɗu na auna, tara suka nuna suga. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ji kaina ya kumbura. Na ce na gano annobar da ba wanda ya gano, har na fara tsara wasiƙar da zan aika ma'aikata, ina tunanin hoton da za a ɗauke ni. Na yanke hukuncin cewa madarar gwangwani ce ta Benin ta gama da matan ƙauye. Jami'in da ke duba marasa lafiya ya bi takardata, ya hana su zaƙi da yawan tuwo, ya ce a ba su kifi da ganye, su rage aikin wahala. Wadda launin takardarta ya fi na kowa duhu, lamba bakwai, ya rubuta mata ƙwayar sauke suga.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, na ji hayaniya a ɓangaren mata. Na fito. Wani masunci, Ɗanjumma, ya kawo matarsa Hassi a kan babur, an riƙe ta ta baya. Zufa ta jiƙa ta sharkaf, hannunta yana rawa, tana magana ba kai. Wata tsohuwa na biye da jariri a hannu. A bakin kogi ta faɗi tana wanki, da goyo a bayanta, Allah ya sa ba cikin ruwa ta faɗa ba.

Inna Kulu ta taɓa goshinta ta ce, "Mi ta sha?"

Mijin ya ciro ƙullin ƙwaya daga aljihu. Inna ta duba, ta aika aka kawo sukari daga mai shayi, ta dama a kofi. Da na ga ƙwayar na gane lamba bakwai ce, sai na matso.

"Inna, mai suga ce fa."

"Kauce, Umaru."

Na kauce. Ta riƙa ɗura mata da cokali kaɗan-kaɗan. Kafin kofin ya ƙare rawar hannun ta tsaya, Hassi ta buɗe ido ta tambayi ɗanta. Ƙwayar ce ta sauke sugan da dama bai hau ba, ga ta tana shayarwa, ga tuwo an hana ta.

Rannan Inna Kulu ta shigo lab karo na farko tun da aka rataya labule, ko sallama ba ta yi ba. Ta ce in buɗe littafina in karanto mata lambobin nan tara. Ina karantawa tana kiran sunaye. Lamba biyu, ta haihu sati uku. Lamba huɗu, ba ta yi arba'in ba. Lamba bakwai, Hassi, kwana ashirin. Biyu daga ciki haihuwa yau ko gobe. Biyar ɗin da na ce lafiyarsu lau, babu mai goyo ko tsohon ciki a cikinsu.

"Wanga ciwon suga naka," in ji ta, "masu jego kaɗai ya sani?"

Na kira Dokta na gaya mata komai. Ta kashe waya. Ranar kasuwar Lolo ta iso da gwangwanin tsinke mai rai cikin filas, ta tsaya a hanya ta sayi madarar shanu wurin wata Bafillatana. Ba ta gaishe ni ba sai da ta gama. Ta sirka madarar da ruwa, ta tsoma tsinke. Ko gezau bai yi ba. Ta ɗiga a takardar zinari, launi ya hau nan da nan. Sannan aka karɓo fitsarin Hassi. Tsinke ya ce babu, zinari ya ce akwai.

Ashe nono ma yana da nasa sugan, daban da na jini. Mace in ta kusa haihuwa ko tana sabon jego, nono ya cika, wani ɗan kaɗan daga sugan nan yakan bi ya fita ta fitsari, kuma ba ciwo ba ne. Inzayim da tsirfarsa ba ya kula shi. Zinari kuwa ba ya zaɓe, duk abin da ya yi kama da suga ci yake.

"Sau nawa na gaya maka, Kawu?"

"Uku."

"Da ta faɗa ruwa da jaririn nan fa?"

Ta zauna a bencina ta daɗe tana duban takardun, sannan ta ce ita ma da nata laifin, don a jami'a da ruwan gulukos kawai ta gwada, ba ta taɓa ba ta wani suga ta ga ko za ta ƙi ba.

Ɗanjumma yana waje yana jirana, da filafilin jirginsa a hannu, ban sani ba ko don daga kogi yake ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai awon?"

Na ce ni ne.

"Ni in na ja komar kifi na ga abin da ban sani ba, sai na juya shi na duba kafin in ba mutane su ci. Ku ba a koya muku haka?"

Na ce ana koyarwa, ni ne ban yi ba. Ina jin wannan ce ta hana filafilin aiki. Dattawa suka zauna da mai asibiti, ba a kai maganar gaban alƙali ba. Hukuncin da suka yanke shi ne in bi gidajen nan tara ɗaya bayan ɗaya, ni da Inna Kulu, in faɗa da bakina gaban mazajen cewa awona ne ya yi kuskure. Daga lokacin kuma duk kwalbar da za ta wuce ta labule sai Inna ta rubuta a jiki ko mai ciki ce ko mai goyo.

In kuna son ku ji wanne ya fi, ni ban sallami ko ɗaya ba. Na halitta ya san aikinsa amma ba ya jure ƙasarmu. Na ƙira yana jure komai amma bai san bambanci ba. Dokta ta koma ta yi shekaru tana neman yadda za ta koya wa zinarinta tsirfa, na ji an ce ita da irinta sun yi nisa, kuma ina fatan su gama, don asibitin ƙauye da babu wuta yana buƙatar abin da rana ba ta kashewa. Amma ko wanne aka miƙo muku, ku tambayi abu biyu: me ke kashe shi, kuma me yake ci bayan abin da aka ce yana ci.

Kwana biyu muka yi muna zagayen gidaje a kan babur, Inna a baya tana yi mini gyaran tuƙi. Wasu suka yi dariya, wata tsohuwa ta zage ni da yarensu na Dandanci ta sa aka fassara mini don kada in rasa komai. A gidan Ɗanjumma Hassi ta aiko mini da ruwa ta ce ta yafe.

Gida na ƙarshe na wata Tumba ne, a ƙarshen Bahindi. Muka tarar mijin ya fita gona, Inna ta shiga ta kira ta, ta tsaya a bayan zana. Na yi bayanina da na riga na haddace, na ce ba ki da suga, ki ci abin da kike so.

"Malam, ka gaya ma maigida?"

Na ce tukuna, shi muke jira.

Ta rage murya. Ta ce haihuwarta shida a gidan nan, ba ta taɓa sati biyu ba ta koma turmi ba. Amma tun da ta kawo takardata, mijin ya hana ta daka da ɗebo ruwa, kullum sai ya shigo da kifi, jiya har da ƙwai.

"Don Allah ka bar ni da sugana har in yaye."

Na dubi Inna Kulu, ta juya kai tana kallon wata bishiya. Muna nan sai ga mijin da fartanya a kafaɗa. Na gaishe shi, na gaya masa gaskiya kamar yadda dattawa suka ce: awona ya yi kuskure, matarsa ba ta da ciwon suga, ta ci tuwonta ta sha kununta. Ya yi hamdala, sannan ya ce, "To, kifin da hutun fa?"

Kafin in buɗe baki Inna Kulu ta ce, "Wannan ba na Umaru ba ne, nawa ne. Har yaye."

Ya ce to.